Cinikin Gida A Birnin Tawa: A Taya, Ko A Biya Abin Da Aka Yanka?

Daga cikin mas'alolin da ake yawan ja-in-ja a kansu a majalisun birnin Tawa a 'yan shekarun nan, ko a ƙofar masallaci bayan La'asar, ko a rumfunan kasuwa ran Lahadi, akwai wata wadda a zahiri ta saye da sayarwa ce, amma in aka bi ta a hankali sai a tarar ta taɓo shari'a, ta taɓo zumunci, ta kuma taɓo mutuncin mutum a tsakanin maƙwabtansa. Mas'alar kuwa ita ce, idan mutum ya ga gidan da ya kwanta masa a rai, mai gida ya yanka masa kuɗi, alhali masu neman gida sun fi gidajen sayarwa yawa, shin abin da ya fi masa shi ne ya zauna ya taya, ya ja, ya nemi ragi yadda iyayensa suka saba a cinikin gona da dabba, ko kuwa ya biya abin da aka yanka tun wani bai riga shi ba? Na saurari dattawa masu hankali a ɓangarorin biyu, kuma babu ɓangaren da na iske yana magana da ka.

Kafin a kawo hujjar kowa, wajibi ne a fara da abin da ya jawo wannan ƙunci, domin wanda bai san asalin tsadar ba ba zai iya auna maganar masu jayayya a kanta ba. Garin Tawa ya tashi ne daga ƙauyuka biyu, Bilbis da Fakawa, amma ƙidayar jama'a ta 2012 ta iske fiye da mutum 100,000 a cikin birnin, kuma tun daga lokacin ƙaruwa yake yi. Kusan kowace masifa da ta auka wa yankunan Adar da Azawak ta bar wa Tawa baƙin da ba su koma ba. Farin 1973 da na 1984 sun koro makiyaya da talakawan karkara. Yaƙin Libiya na 2011 ya maido da dubban 'yan ci-rani gida a lokaci guda. Sa'an nan rashin zaman lafiya na arewa, wanda ya kai matuƙa a watan Maris na 2021, sa'ad da aka hallaka fiye da mutum 130 a ƙauyukan yankin Tiliya, ya sa waɗansu masu hali na can suka nemi inda za su ajiye iyalinsu a birni. Alheri ma ya kawo nasa cunkoson, gama jami'ar da aka kafa a 2010, wadda yanzu take ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin tarihin Adar, ta tara malamai da ɗalibai masu neman haya, ayyukan Tawa Sakola kuma, da aka yi domin bikin jamhuriya na 18 ga Disamba 2017, sun shimfiɗa kwalta a titunan da a da rairayi ne, kowane gida da kwalta ta biyo ta ƙofarsa kuwa darajarsa ta ɗaga. A bisa dukan waɗannan akwai abin da ya fi su nauyi, watau kuɗin ci-rani, domin Ba'adare, na Kaita ne ko na Buza ko na Tamaske, yana Abijan ne ko Duwala ko Libreville, muddin Allah ya buɗa masa, yana daga manyan burace-buracensa a ce yana da gida a Tawa.

Fili kam bai ƙare ba. Duk wanda ya fita ta hanyar Ƙonni ko ta Agadas ya ga ƙasar Allah a shimfiɗe. Abin da ya yi ƙaranci shi ne gida ginanne, mai famfo da lantarki, kusa da kasuwa da makaranta da asibiti, wanda kuma takardarsa ba ta da ƙura. Irin wannan in ya fito, kafin labarinsa ya gama zagaya unguwa dillalai sun kai shi kunnen mutum biyar.

Masu cewa a biya kada a ja, hujjarsu ta farko lokaci ce. Suka ce tayi yana da ƙarfi ne a bakin mai zaɓi, wanda zai iya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi rumfa ta gaba ya iske irin hajar. Amma wanda ya san in ya bar wannan gida ba lalle ne ya sami irinsa ba sai baɗi ko baɗin baɗaɗa, jayayyarsa ba ta tsorata kowa, kuma mai gida ya fi shi sanin haka. Sukan kawo misalin ma'aikacin da ya kafe a kan ragin jika 500, gida ya kuɓuce masa, ya koma haya, ya zuba wa mai haya abin da ya kusa ragin nan da yake nema, sa'an nan ya juyo ya tarar gidan da ya yi kama da wancan ya ƙara tsada. Suka ƙara da cewa kuɗi ba abin ajiya ba ne a wannan zamani, dattawa kuwa ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, sa'ad da aka karya darajar sefa da rabi dare ɗaya, wanda ya kwana da takardun kuɗi a akwati ya wayi gari ba su sayen abin da suke saye jiya na kayan waje, wanda ya kwana da bango da ƙasa kuwa ya tashi da abinsa cif. Ko da ba a karya darajar kome ba, kuɗi a hannun mai dangi suna da masu jiransu, ga suna, ga biki, ga mara lafiya, ga hatsin da kan ƙare a rumbu kafin damina ta kai, har abin da aka tara domin gida ya zube a hankali ba a san inda ya shiga ba.

Hujjarsu ta biyu ita ce, mai sayarwa ba kullum ne yake zalunci ba in ya yanka da tsada. Gaskiya ne ana yin siminti a Malbaza, cikin jihar nan tamu, amma ƙarfen gini da kwanon rufi da fenti da wayar lantarki daga nesa suke zuwa, kuma tun da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kayan da suka saba shigowa ta tashar Kwatano sai da suka yi zagaye mai nisa, kowane zagaye kuwa a kan mai saye yake ƙarewa. Saboda haka mutumin da ya ce ba zai sallama gidansa ƙasa da kaza ba, mai yiwuwa ne lissafi kawai ya yi na abin da zai ci masa in ya tashi gina irinsa a yau, wanda ya nemi ya rage masa kuwa yana neman ya sayi ginin bana da kuɗin shekaru goma da suka wuce.

Ta uku kuwa, wadda suka fi jin daɗin kawowa, ta addini ce da muruwa. Sukan tuna da hadisin da Bukhari ya ruwaito, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi addu'ar rahama ga mai sauƙin hali a wajen saye da sayarwa da biyar bashi. Sukan kuma tuna cewa filin da aka gina masallacin Madina a kansa na waɗansu marayu biyu ne daga Banu Najjar, kuma Annabi bai yarda ya karɓe shi kyauta daga hannunsu ba sai da ya saya. Daga nan sai su gangaro gida, su ce a Tawa wanda ya sayar maka da gida ba ɓacewa yake yi ba: ƙannensa su ne maƙwabtanka, limamin unguwa kawunsa ne, kuma wanda ya shigo unguwa ta hanyar matse ɗan unguwa har ya sallama yana ƙunci, za a riƙa tuna masa wannan a ɓoye ran sunan ɗansa da ran jana'izar mahaifinsa.

To, wannan shi ne abin da ɓangare na farko ya riƙa, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Amma masu cewa a taya suna da nasu, sun kuma fara da karin maganar da kowa ya sani, cewa don rashin tayi akan bar arha. A wurinsu kuɗin da aka fara yankawa ba shi ne kuɗin gida ba, kuma babu wanda ya jahilci haka a cikin masu zaman cinikin: mai gida ya sa da sarari domin ya san za a taya, dillali kuma ya ɗora nasa, tun da yake sau da yawa la'adarsa tana girma ne gwargwadon girman kuɗin. Wanda ya biya kuɗin farko, ashe, ya biya gida ya kuma biya sararin da aka bari domin tayi.

Ga yadda zaman yakan kasance, ga wanda bai taɓa halarta ba. An shimfiɗa tabarma a zaure, mai gida yana gefe guda da ƙanensa, mai saye yana gefe da wani dattijo da ya zo da shi shaida, dillali kuwa yana tsakani, waya a hannu. A ce an yanka miliyan 12. Bayan gaisuwa mai tsawo da tambayar iyali, sai mai saye ya ce, "Alhaji, mun gani, mun yaba, amma miliyan 9 munka zo da ita." Mai gida ya dubi ƙasa ya ce, "Albarka." Dattijo ya sa baki, ya ce, "Alhaji, a duba zumunci, mi za a rage?" Mai gida ya amsa, "Baba, abin da munka zuba ga ginin ga ya hi haka." Har nan ciniki ne na mutunci, kowa ya san matsayinsa. Sai wayar dillali ta yi ƙara, ya tashi ya fita ƙofar gida, ya jima kaɗan, ya komo yana girgiza kai, ya sunkuya ya raɗa wa mai saye cewa wani na Abijan ne, ya ce a riƙe masa, gobe da safe zai aiko da kuɗin gaba ɗaya. A wannan daƙiƙa ce mafi yawan masu saye suke rasa hankalinsu, su ƙara miliyan 2 a numfashi guda, alhali ba su ga mutumin Abijan ba, ba su ji muryarsa ba, ba su ma tambayi ko ɗan wane ne ba.

Wani lokaci mutumin Abijan ɗin yana nan da gaske, kuma in yana nan babu laifi a kan kowa, domin Imamu Malik ya bayyana a cikin Muwaɗɗa cewa hanin da aka yi na yin tayi a kan tayin ɗan'uwa yana farawa ne bayan mai kaya ya karkata ga mai saye sun shiga daidaita sharuɗɗa, amma kafin haka kowa yana da ikon ƙarawa, in ba haka ba da an cuci masu kaya, an tilasta musu sallama wa mai tayin farko. Wani lokaci kuwa babu shi ko kaɗan, ko kuma akwai shi amma abokin dillali ne da ba ya nufin saye, wannan kuwa shi ne najashi, wanda Annabi ya hana a sarari, malaman mazhabarmu ta Malikiyya kuma suka ba mai saye ikon mayar da ciniki in ya tabbata mai kaya yana sane. Sai dai tabbatar da shi a gaban alƙali abu ne mai wuya ainun, gama kiran waya ba ya barin shaida. Don haka masu wannan ra'ayi suka ce maganin najashi a zaure yake, watau mutum ya daure, ya tsaya a kan tayinsa, ya ce in na Abijan ya aiko Allah ya sa masa albarka.

Suna da wata hujja ta fiƙihu wadda, a ganina, ta fi dukan sauran ƙarfi, ita ce mazhabar Malikiyya ba ta cika tausaya wa mai gaggawa ba. A wurin Shafi'awa da Hambalawa masu ciniki suna da zaɓin warwarewa muddin ba su rabu daga majalisin ba, amma Malik bai yi aiki da wannan ba. A wurinsa da an ce na sayar an ce na saya, ciniki ya lizimta. Haka nan mashhurin zance a mazhabar shi ne ba a mayar da ciniki saboda gabanu kawai, watau don an saya da tsada fiye da ƙima, sai fa ga wanda ya miƙa wuya ga abokin cinikinsa, ya ce masa ban san farashi ba, sayar mini yadda ake sayar wa mutane, aka kuma cuce shi. Waɗansu malamai na baya sun buɗe ƙofa in tsadar ta kai sulusi, amma da sharuɗɗa masu tsauri. Ma'anar wannan ita ce shari'a ta ba mutum dukan lokacin da yake so kafin ya furta kalmar saye, ta kuma ɗora masa nauyin abin da ya furta, saboda haka tayi shi ne garkuwar da aka bar masa. Suka ce Annabi da kansa ya yi ciniki da Jabir ɗan Abdullahi a kan raƙuminsa a hanyar komowa Madina, sa'an nan daga baya ya ba shi kuɗin ya bar masa raƙumin. Ciniki ya zo a wurinsa, kyauta ta zo a nata wurin. Sauƙin hali da aka yaba dabam yake da wauta da dukiya, wadda shari'a take hana mai ita tasarrufi har ya shiryu.

Sa'an nan ga maganar amana. Da yawa daga masu zama a zaurukan nan ba da kuɗinsu suke saye ba, wakilai ne na wani wa ko ƙane da yake bakin teku, wanda ya tara abin nan da dako a kasuwar Ajame, ko da tallan shayi, ko da gadin dare, shekara da shekaru yana kwana cikin ɗaki guda da 'yan garinsu. Mutum yana iya yin karimci da abin da ya mallaka, amma wakili ba shi da ikon yin karimci da gumin wanda ya wakilta shi, kuma in ya biya abin da aka yanka don kawai yana jin kunyar mai gida, ko don a ce gidansu ba sa ja-in-ja, ya sayi sunan kansa da dukiyar ɗan'uwansa.

Hujjarsu ta ƙarshe ta wuce masu cinikin biyu ta shafi gari duka. A Tawa babu wani allo da ake rubuta farashin gidaje a kai. Farashi a bakin mutane yake, an ce gidan wane an sayar da shi kaza. Ran da wani ya sauko da kuɗin waje ya biya kuɗin farko ba tayi, kafin mako ya zagayo kowane mai gida a wannan layi ya ɗaga nasa, kuma ba zai sauko ba ko gidan zai shekara biyu a rufe. Wanda yake ɗaukar wannan nauyi shi ne malamin makaranta da malamar asibiti da ƙaramin ɗan kasuwa, waɗanda albashinsu da ribarsu ba su san an yi wannan ciniki ba. An roƙi Annabi ya ƙayyade farashi a Madina sa'ad da kaya suka yi tsada, bai yi ba, kuma ba na jin akwai hukumar da za ta iya yanka wa gidajen Tawa kuɗi a yau. Saboda haka babu abin da ya rage yana riƙe da linzamin tsada sai tayin masu saye.

In an tambaye ni inda na karkata, ina tare da masu tayi, amma da sharaɗin da ban cika jin suna ambata ba. Aibin maganarsu shi ne suna yi wa dukan masu sayarwa kuɗin goro, ba sa tambayar wane ne yake zaune a gabansu, alhali kuwa masu sayar da gida a garin nan iri biyu ne. Akwai attajirin da ya sayi gidaje domin su yi daraja, wanda in an saya riba, in ba a saya ba yana da hayarsa. Wannan a ja da shi iyakar ja, babu kunya babu zunubi, shi ma haka ya yi sa'ad da ya saya. Akwai kuma wanda larura ta fito da shi: magadan da gida ɗaya ya yi musu kaɗan dole a mai da shi kuɗi a raba, har da tumunin matar mamaci da rabon marayu, ko mai bashin da aka ba shi wa'adi, ko wanda zai kai mahaifiyarsa asibiti Yamai, ko wanda aka koro daga Libiya ko Aljeriya da rigar wuyansa kaɗai. Irin wannan ne dillali yakan raɗa wa mai saye a kansa cewa a matse yake, ka yi ƙasa sosai zai sallama. Mai yiwuwa ne cinikin ya inganta a zahirin shari'a, alƙali kuma ba zai warware shi ba, amma malamai sun ƙi a sayi kayan wanda larura ta kama da abin da bai kai ƙimarsa ba, in kuwa akwai rabon maraya a ciki, wasiyyinsa ma ba shi da ikon sallamawa da faɗuwa. Ni dai na ɗauki wannan raɗa a matsayin abin da ya kamata ya sa mai saye ya sassauta, kuma ina baƙin ciki da yadda aka mai da ita albishir.

To, in ba a yi tayi da ƙuncin mai gida ba, da me za a yi? Da gidan kansa. Kafin a zauna a kan tabarma, mai saye ya zo da magini wanda ba abokin dillali ba ne, su bi gindin bango su ga ko danshi ya ci shi, su ƙwanƙwasa shafen siminti su ji ko ya rabu da tubalin ƙasa da ke bayansa, domin gidaje da yawa rigar siminti kawai aka sa musu. Su ɗaga kai su duba azara ko gara ta shige ta, su ga inda indararo yake zubarwa, su leƙa masai ko ya kusa cika. Mafi muhimmanci, su auna tsakar gida da titi, gama inda aka ɗaga titi aka yi kwalta sau da yawa gida yakan koma ƙasa, ruwan watan Agusta ya riƙa shigowa ta zaure maimakon ya fita. Wanda ya ga abin da daminar 2024 ta yi wa gidajen ƙasa a faɗin Nijar ba zai raina wannan ba. Fuƙaha'unmu sun kasa aibin gida uku, ƙarami wanda ba a kula shi, da matsakaici wanda ake rage kuɗi gwargwadonsa, da babba wanda ake mayar da gida saboda shi, sun kuma wajabta wa mai sayarwa ya bayyana abin da ya sani. Idan mai saye ya ce, "Alhaji, magini ya ce gyaran bangon gabas da rufin ɗaki biyu za su ci jika 800, a rage mana su," ya nemi ragi da hujja, mai gida yana iya sallamawa ba tare da ya ji an wulaƙanta shi ba, kuma labarin da zai fita unguwa shi ne an rage saboda gyara.

Bayan bango sai takarda, a nan ne kuwa ake yin hasarar da ta fi kowane ragi. Fili ɗaya akan sayar wa mutum biyu. Takardar da ma'aikatar magajin gari ta bayar takan kasance da sunan wanda ya rasu tun da daɗewa, ba a sauya ba. Magada su zauna su sayar, alhali ɗayansu yana Gabon bai sani ba. Wannan na ƙarshe ya dace da ƙasarmu ƙwarai, tun da yake da wuya a sami gidan Ba'adare da ba shi da ɗa a waje. Sayar da rabon wanda ba ya nan ba da izninsa ba yana rataye ne a kan yardarsa, sa'an nan ga haƙƙin shufa'a, watau ikon karɓar rabon da aka sayar wa wani ta hanyar biyan kuɗinsa, wanda a mazhabarmu na abokin tarayya ne a cikin abin da ba a raba ba, ba na maƙwabci ba kamar yadda yake a wurin Hanafawa. Wanda yake gari ya yi shiru har shekara haƙƙinsa ya faɗi, amma wanda yake tafiya yana nan a kan haƙƙinsa ko ya daɗe. Ke nan mutum yana iya saye, ya gyara, ya tare da iyalinsa, bayan shekaru wani ya sauko daga mota da jakarsa ya ce gidan ubansa ne.

Saboda haka abin da nake ganin ya fi cancanta a ja a kansa a irin wannan kasuwa shi ne lokaci. Shari'a ta halatta ciniki bisa zaɓi zuwa wani ajali, malaman Malikiyya kuma suka ƙaddara wa gida kamar wata guda, domin a duba shi a yi shawara. Mai saye yana iya cewa ya yarda da kuɗin, ko da kusa da shi, da sharaɗin a ba shi kwanaki ya je ma'aikatar magajin gari a duba rajista, ya tambayi mai unguwa da maƙwabta, a kira kowane magaji a waya a gaban shaidu, a rubuta. In za a ba da kafin alƙalami, a fayyace cewa yana cikin kuɗin gida in ciniki ya tabbata, kuma za a mayar in ya warware, gama Malik ya hana irin wanda mai kaya yake cinyewa in an fasa.

Na san abin da ɓangare na farko za su ce, cewa a kasuwar da mutum biyar suke layi babu mai gidan da zai ba ka wata guda. Sau da yawa haka ne. Amma wata guda iyaka ce ta sama, mako ɗaya yakan isa ga wanda ya tashi tsaye, kuma sau da yawa mai gida ya fi son ya ba da mako ya sami cikakken kuɗin da zai faɗa wa 'yan'uwansa, da ya rage miliyan a karɓa yau. Wanda kuwa ya ƙi ba da ko kwana uku a duba takardarsa, ƙin nan nasa ya isa mai hankali ya yi tunani. Duk da haka ba zan ɓoye ba, wanda ya bi wannan hanya wata rana zai rasa gida mai kyau, mai takarda lafiyayya, don kawai wani ya zo da kuɗi a jaka bai tambayi kome ba. Malamin makarantar da haka ta same shi zai ƙara shekara yana biyan haya, watakila ma ya haƙura ya nemi fili a bayan gari inda famfo bai kai ba, ya riƙa ɗora ɗaki ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ni da abin da zan faɗa masa wanda zai rage masa wannan nauyi, illa dai kuɗinsa suna hannunsa, ba ya kuma cikin masu zirga-zirga a ƙofar kotu suna jiran wani magaji ya sauko daga Libreville.